Injin da Na Zaɓa wa Burodin Inna

Injin yana nan har yau a kusurwar madafin gidanmu na Illela, an lulluɓe shi da wani tsohon zane. Bai taɓa lalacewa ba, ko sau ɗaya ba a kai shi wurin mai gyara ba. Duk matar da ta shigo ta ɗaga zanen sai ta ce lallai na iya zaɓe, ni kuma in ce mata haka ne. Na iya ɗin. Kusan wata guda na yi ba ni da wani tunani a duniya sai shi.

Inna, mahaifiyata, burodi take yi a gida tun kafin a haife ni. Ba irin na leda mai zaƙi ba, dogo ne mai ɓawo irin na Kwanni, da ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe. Masu shayin bakin tasha ne ke kwashe yawancinsa, saura kuma maƙwabta. Ba ta sa yis na kanti. Tana da wani ɗan kwanon samira mai murfi da take ajiyewa a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, a cikinsa akwai curin tsohon kwaɓi. Iri take ce masa, kamar na shuka, domin shi ke tayar da sabon kwaɓi. Wata gwaggonta ce a Kwanni ta gutsuro mata daga nata, ta ƙetaro boda da shi a ƙulle cikin ɗankwali tana amarya. Tun daga ranar kwanon bai taɓa kwana ba komai a cikinsa ba.

Da ta sallame sallar asuba sai ta juye abin da ke cikin kwanon gaba ɗaya a babban akushi, ta zuba fulawa da gishiri da ruwa, ta durƙusa a kai. Murza take yi har gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarta. In ta gama sai ta zauna a kan turmi, ta jawo kwanon, ta ɗauki wata tsohuwar wuƙa da ba ta yanka komai, ta kankare duk abin da ya manne mata a tafin hannu da tsakanin yatsu da wuyan hannu, ta tara a ciki ta rufe. Na sha tsokanarta a kan wannan. Ina ce mata rowarta ta kai ko abin da ya maƙale a farce ba za ta bar wa kaji ba. Ita kuma ta ce in tafi ofis in danna na'urata in ƙyale masu aiki. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce 'yar ofis.

A Sakkwato nake aiki, ina zuwa gida ƙarshen wata. A shekarun baya-bayan nan na lura in ta gama murza takan daɗe tana matsa wuyan hannunta, in za ta ɗaga buta sai da hannu biyu. Na ce zan saya mata injin murza kwaɓi. Shekara biyu ina faɗa. Duk zuwa sai na nuna mata hotuna a waya, ta riƙe wayar can nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta tambaye ni ko shi wannan abin ya san lokacin da kwaɓi ya ji murza. Sai mu yi dariya, in koma Sakkwato, maganar ta kwanta sai wani watan. Ba hana ni aka yi ba. Ina ganin akwai lokaci ne kawai.

Wata ranar Alhamis ta kwashe burodi daga tanderu, ta miƙe, ta faɗi. Kafin a samo mota ta cika. Da na iso an riga an kai ta.

Ban yi kuka ba. Ina faɗin wannan ne ba don in nuna dauriya ba, ba dauriya ba ce. Ban ji komai ba ne, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Mata suna shigowa suna fita, daga Amarawa, daga Garu, daga tsallaken boda, suna cewa Allah ya jiƙanta, ina cewa amin, suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Hannuna kuma yana cikin hijabi riƙe da waya. Da na samu sarari sai in sunkuyar da kai in ci gaba da duba hotunan injina. Wata tsohuwa ta ɗauka addu'a nake karantawa, har ta dafa kaina ta sa mini albarka. Ban gyara mata ba.

Bayan sadakar bakwai gida ya rage mutane. Na ɗauki hutu na zauna da Baba. Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, na ji motsi a gindin randa. Na ɗauka mage ce, na fito da takalmi a hannu. Sai na ga Baba a tsugune, da rigar masallacinsa, kwanon Inna a gabansa. Mutumin da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙafarsa a madafi ba. Ya gutsire rabin curin ya jefa wa kaji, ya zuba fulawa cikin tafi guda a kan sauran, ya yayyafa ruwa, yana cakuɗawa da yatsu biyu kamar mai tsoron kada abin ya ji zafi. Da ya gan ni bai tashi ba.

"Ba a barin shi shi kwana bai ci ba," ya ce. "In ta yi tahiya, ni ka ba shi."

Ban taɓa sani ba. Ashe duk bikin da ta je Kwanni, duk jinyar da ta je Lafani, shi ke wannan aikin a ɓoye kafin yara su tashi. Kuma tun washegarin rasuwarta bai fasa ba ko rana ɗaya, gida cike da baƙi. Ya rufe kwanon, ya mayar da shi daidai gurbinsa, inda gindinsa ya yi zobe a ƙasa. Sannan ya ce yana so ranar arba'in, maimakon waina da gumba, a yi sadaka da burodinta, tunda da shi mutane suka san ta. Ya ce ni zan yi. Ya ce in na iya, ko ranar Juma'a-Juma'a ce a riƙa yi, don kada abin ya mutu a hannunmu. Na ce to. A kwanakin nan ko me aka ce mini to nake cewa.

Na gwada da hannu, da yis na kanti don kada in taɓa na kwanon. Rabin tiya kawai na kwaɓa. Wuyan hannuna na dama ya taɓa karyewa a faɗuwar babur ɗin kabu-kabu, kuma shekara da shekaru ba abin da yake ɗagawa sai biro. Kafin kwaɓin ya haɗe na zauna dirshan ina haki. Abin da ya fito daga tanderu da an jera shi da an yi katanga. Na nuna wa Baba, na ce sai dai inji. Ya ce in yi abin da na ga ya dace. Haka na samu izinin yin abin da dama shi nake yi.

Na zama gwana. Na san akwai na hannu mai maburgi biyu, wanda na kaɗa ƙwai ne da kek, kwaɓin burodi zai ƙone shi cikin ɗan lokaci. Na san akwai mai tsayuwa da kansa, mai kwano, wanda ake ɗaura wa ƙugiya ta riƙa juya kwaɓi. Na san wani kansa ke ɗagawa, wani kwanonsa ke hawa. Ina kwana da wannan ina tashi da shi. In na yi sallah, ina sallamewa abin da ke fara zuwa mini shi ne kwanon ƙarfe ko na roba. Ƙanena ya kira daga Sakkwato yana maganar kayan Inna da yadda za a yi da ɗakinta, na tambaye shi ko ƙaramin janaretonsa zai ja inji. Ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ce ƙalau.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, na tafi layin masu kayan wuta. Akwai wani dattijo mutumin tsallake da ke kawo kayan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, dutsen guga da tukunyar lantarki da fanka, duk a jibge a rumfa ɗaya. Yana da farin gemu da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi kika so?" Na ce injin kwaɓi. Ya tambaya na kek ko na burodi. Da na ce burodi sai ya ture wani ja mai ƙyalli da na riga na ɗora wa ido, sabo fil a kwalinsa. Ya ce wannan na amare ne, a jera a ɗaki a ɗauki hoto. Ya ce haƙoran cikinsa roba ne, kwaɓin burodi kuwa ba ya wasa da roba.

Ya koya mini yadda ake dubawa. Ya ce in fara ɗagawa, in na ɗaga da hannu ɗaya to in ajiye in wuce. Ya ce in kama kansa in girgiza, in ya yi lakwaf-lakwaf zai riƙa rawa a kan tebur har ya faɗo. Ya ce in sa hanci a ramukan bayansa in shinshina, injin da ya taɓa ƙonewa ba ya ɓoye warinsa ko an wanke shi da turare. Na bi injinan rumfarsa ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, ina girgizawa, ina shinshinawa, a tsakiyar kasuwa, mata suna wucewa suna kallona. Ban saya ba. Na ce sai na yi shawara, alhali ba wanda zan yi shawarar da shi.

Lahadi ta biyu na koma, na sake yin duk abin da na yi. Gaskiya ba na son in gama. Muddin ina zaɓe ina da abin yi da safe, ina da inda zan sa kaina in mutane suka fara ba da labarin kirkin Inna. Dattijon bai gaji da ni ba. Ya jawo wani daga can ƙarƙashin tebur, fari ne da ya koma ruwan ƙasa, fentinsa ya ɗaɗɗaye, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Filoginsa mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na tsallake, sai an sa masa mahaɗi kafin ya shiga bangonmu. Ya ta da janareto ya kunna shi. Ba ya ihu kamar sauran, gurnani yake yi ƙasa-ƙasa. Ya ce kada in taɓa wuce lamba biyu in burodi nake yi, kada in cika kwanon ya wuce rabi, kuma in na ji bayansa ya yi zafi in kashe in bar shi ya huta kamar jaki.

Lahadi ta uku na zo da fulawa a leda da ruwa a gora. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mai saye irina ba. Muka zuba, ya kunna. Na tsaya ina kallon ƙugiyar tana tattara garin, tana naɗe shi, tana bugawa a jikin kwano, har ya zama curi ɗaya mai santsi, kwanon ya koma fes kamar an lashe. Ya kashe, ya zare ƙugiyar, curin ya sulluɓe ya faɗa.

"Kin gani?" ya ce. "Wanga, hannunki ba shi taɓa kwaɓi. Yadda kiz zo da shi tsab, haka kika komawa da shi."

Wannan maganar ce ta sayar mini da injin. A lokacin ba na son taɓa komai, ba na son komai ya taɓa ni. Ya faɗi kuɗinsa da sefa, ya juya mini shi zuwa naira, na biya ban taya ba. Har ya ɗan ji kunya ya ƙara mini mahaɗin filogi kyauta. Aka ɗaura injin a bayan kabu-kabu, na bi shi a wani, ina kallon yadda igiyarsa ke lilo har gida.

Ana gobe arba'in na tashi da asuba. Ƙanena ya kawo janareton tun jiya, don wutar Illela ba a yin alkawari da ita. Baba ya dawo daga masallaci, ya je gindin randa da kansa ya ɗauko kwanon. Kwana uku ya yi bai jefa wa kaji komai ba, yana ƙara gari kawai, don irin ya isa kwaɓi mai yawa. Ya cika har yana ɗaga murfi, yana ƙamshin nan mai tsami da duk zannuwan Inna ke yi. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce bismillah, ya fita zaure wurin baƙin da suka fara isowa.

Na yi komai daidai. Na raba fulawar kashi huɗu don kada in wuce rabin kwano. Na raba irin shi ma kashi huɗu, na juye shi duka kamar yadda na ga tana yi, har na sa cokali na kwashe na gefe-gefe. Ban wuce lamba biyu ba. Tsakanin kowane kashi na taɓa bayan injin, na bar shi ya huta. Kowane curi ya fito sumul, na juye shi a akushin Inna na rufe da zane. Kwaɓin ya tashi har ya fi yadda nake zato. Da hantsi na shafa mai a hannu na yanka shi, na mulmula dogaye, na jera a faranti. Ko ɗigo bai manne mini ba. Matan maƙwabta suka hura tanderu, muka gasa har la'asar. Da na farko ya fito wata ta karya ta kai baki, sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce wallahi kamar ita ta yi. Ni na ɗanɗana na ji burodi ne.

Kafin magariba na wanke kaya. Dattijon ya ja mini kunne cewa kwaɓi in ya bushe a jikin ƙugiya sai an sha wuya, don haka na wanke ta da soso, na wanke kwanon injin, na goge jikinsa. Na wanke akushi. Kwanon samira yana gefe ba komai a ciki, shi ma na haɗa na wanke shi tas da sabulu, na kife a kan randa ya bushe. Na tsaya na dubi madafin, komai a tsabtace, burodi a jere cikin manyan tire an rufe. Na ji wani abu mai kama da gamsuwa, shi ne abu na farko da na ji cikin kwana talatin da tara.

Da a ce wani ya tsayar da ni a ranar ya tambaye ni daga ina irin gobe yake fitowa, da na ba shi amsa ba tare da tunani ba. Na sani. Na ga ana yi sau dubu, na yi tsokana a kai. Amma Inna ba tunawa take yi ta ajiye ba, hannunta ne ke ɓaci, ta zauna ta kankare. Nawa bai ɓaci ba, sai ban zauna ba.

Washegari ina madafi ina ƙirga tire da ido, maza sun fara taruwa a zaure, ina jin muryar liman. Sai ga Baba ya shigo da rigar masallaci, tafin hannunsa na dama a dunƙule, fulawa tana zubowa kaɗan-kaɗan ta tsakanin yatsunsa. Ya tsuguna a gindin randa. Zoben yana nan a ƙasa, kwano ba ya nan. Ya ɗaga kai ya gan shi a kife a sama, ya miƙa hannun hagu ya juya shi. Samirar tana ƙyalli, har wani fure da ke zane a cikinta ya fito, wanda ban taɓa sanin akwai shi ba.

"Ina kis sa shi?" ya ce. A hankali ya yi tambayar, yana duba gefen randa, ko na canza masa mazubi.

Na dubi injin, na dubi tiren burodi, sannan na dubi hannuwana. Shi ma su ya duba. Ya daɗe yana dubansu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dafa randa ya miƙe, ya je bakin buhu ya mayar da fulawar, ya kakkaɓe tafinsa a ciki sosai don kada ta zube a ƙasa. Ya ce in sa a fito da sadakar, mutane suna jira.

Har ya kai ƙofa sai ya dawo. Ya ɗaga zanen tire ɗaya, ya zaɓi burodi guda, ba babba ba, ya zura shi a aljihun rigarsa, rabinsa a waje. Baba bai taɓa cin abin da aka ware don sadaka ba. Ya ce wannan kada a lissafa da shi.

Aka kwashe tiren ɗaya bayan ɗaya, ina jin ana fatiha a zaure, ana rabawa, yara suna karɓa suna gudu da shi. Ni kuma na ɗauki kwanon na zauna a kan turmi. Wuƙar Inna tana nan a saƙale a jikin danga inda ta bar ta. Na zaro ta, na buɗe tafina na kankara, na juya na kankari tsakanin yatsu, na gangaro wuyan hannu. Ba abin da ya faɗa cikin kwanon. A nan kukan ya same ni, kuma matan da suka shigo da gudu suka riƙe ni sun ɗauka na arba'in ne.